Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi: zai kai kayanmu bakin teku, ko a Abuja zai tsaya?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan tunda muna da direbobi, muna da injiniyoyi, muna da dattawan da suka ga jiya. Kullum in ka buɗe rediyo sai ka ji an ware biliyan kaza na titi, an ciyo bashin kaza na layin dogo. Amma mu da muke shigo da kaya, abin da muka sani shi ne kwantena tana tasowa daga Sin ta ratsa teku ta iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas a kan lissafin da ka riga ka sani. Daga Apapa zuwa Kano ne lissafi yake watsewa. Ba ka san ranar da za ta fito ba, ba ka san ranar da za ta iso ba, kuɗin mota kuma yau daban gobe daban. Duk wannan a kan mai sayen atamfa da shadda yake ƙarewa.

Ga tambayata. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, na Kaduna zuwa Kano a Yulin shekarar. An buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantena ta kan tudu, a Zawaciki a Janairun 2023. In duk an gama waɗannan, shin kwantenata za ta hau jirgi a Apapa ta sauka a Zawaciki? Ko kuwa gara a kwashe kuɗin nan a zuba a tituna kowa ya huta?

Direban Daf:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai a gyara titi. Jirgin nan tun muna yaran mota ake mana labarinsa. Ku da kuke zaune a shago kuna buga waya kuna cewa "ina kuke yanzu?", da za ku bi mu sau ɗaya da kun gane. Ka fito daga Ibadan ka bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka tsallaka Jebba, ka shiga Mokwa. Daga nan hanya ta rabu, kuma babu ta zaɓe a ciki. Ta Tegina da Birnin Gwari ita ce gajera zuwa Kaduna, amma da yawanmu sun daina bi saboda ramuka da 'yan bindiga. Sai ka zagaya ta Bida da Lambata, can ma in damina ta kankama ka tarar da tirela ta kafe ta tare hanya, layin motoci ya miƙe iya ganinka. A nan za ka kwana, ka dafa abinci a ƙarƙashin mota, kana gadin kayan mutane ido biyu. Sifirin ya karye, taya ta fashe, mai mota ya ce tuƙinka ne.

Hajiya Mai Gwari:
Malam direba, Allah ya saka muku, amma ku ko kun kwana a hanya kayan Alhaji ba ya ruɓewa. Mu fa? Tumatir ake tsinkowa a Kadawa, a cika kwanduna a Kwanar Gafan, a ɗaure da ganye a jera a mota kwando bisa kwando. Daga lokacin da aka ɗaure igiya agogo ya fara bugawa. In mota ta shiga Mile 12 a kan kari, alhamdu lillahi. In ta ƙara kwana guda a hanya, kana buɗe ƙofa ruwa ne zai fara yi maka maraba, na ƙasa duk ya zama miya, na sama ya yi laushi, masu saye su taya yadda suka ga dama domin sun san ba za ka koma da shi Kano ba. Na ga mata da maza da jarinsu ya karye a tafiya guda. Ni ko jirgi ko mota, abin da zai kai kaya da wuri nake nema.

Baba Reluwe:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aikin reluwe har na yi ritaya, kuma ina so ku san cewa abin da kuke roƙo yanzu, an taɓa yin sa a ƙasar nan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko. Turawa auduga suke hari, manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tasha har aka rasa wurin zubawa. Dalar gyaɗa da kuke gani a hoto, buhuna ne masu jiran tarago. Su Alhaji Alhassan Ɗantata a kan wannan layin kasuwancinsu ya bunƙasa.

Daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka ja na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri kuma ya isa a 1964. Ku duba taswira da kyau. Duk inda aka ja reshe, akwai abin ɗauka a wurin: gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, shanu, kuza a Jos, kwal a Inugu. Ba don fasinja aka shimfiɗa shi ba, fasinja raɓawa ya yi. Kaya ne suke biyan albashi, kaya ne suke sayen man inji.

Da aka samu kuɗin fetur sai hankali ya koma kan kwalta da tireloli. Aka bar layi ba gyara, katakon ƙarƙashin ƙarfe ya ruɓe, kawunan jirgi suka mutu ɗaya bayan ɗaya babu kayan gyara. Muna gani da idonmu aka mayar da taragu ɗakunan kwana. An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, mutane suka yi murna, amma tsohon layi ne, tafiyar hawainiya yake yi.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka share min hanya. Alhaji Ɗan Kwari, amsar tambayarka kai tsaye ita ce a'a, ba a sabon layi ba, ko da an gama duk ayyukan da ka lissafa. Ga dalili.

Layin dogo iri biyu muke da shi. Tsohon da Baba ya yi wa aiki faɗinsa milimita 1,067. Sabon da ake shimfiɗawa faɗinsa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. To sabon, ina da ina aka yi? Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe a Yulin 2016. Itakpe zuwa Warri an buɗe a 2020. Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, an buɗe a Yunin 2021, kuma ya shiga har cikin Apapa. Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, ana kan yi. Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi a kan kusan dala biliyan 2.

Yanzu ku haɗa su a zuci. Jirgi ya taso daga Maraɗi, ya zo Kano, ya wuce Kaduna, ya isa Idu. Ƙarshen layi ke nan. Ta ɗaya ɓangaren, jirgi ya taso daga Apapa ya zo Moniya a Ibadan. Nan ma ƙarshen layi. Tsakanin Ibadan da Abuja, ta Oshogbo da Ilori da Minna, babu sabon layi ko taku ɗaya. Yana cikin tsarin Legas zuwa Kano tun farko, amma kuɗinsa bai samu ba. Kuma wannan yankin da aka tsallake shi ne daidai inda malam direba yake kwana a hanya.

Ɗan Kwari:
Innalillahi. Ke nan sai in ɗora kwantena a jirgi daga Apapa zuwa Ibadan, in sauke, in ɗora a tirela zuwa Abuja, in sake saukewa in ɗora a jirgi zuwa Kano?

Injiniya:
Haka lissafin yake, kuma babu ɗan kasuwar da zai yarda. Kowace saukewa kuɗi ne, na injin ɗaga kwantena, na ajiya, na jira. Tirelar da ta ɗauka a Ibadan za ta zarce Kano kawai. Shi ya sa nake cewa a duk ayyukan nan babu mai muhimmanci ga kasuwancin Arewa kamar guntun da ba a fara ba. Ba ya cikin jihohinmu, shi ya sa ba ka jin 'yan majalisarmu suna tayar da jijiyar wuya a kansa. Kowa so yake a ga tasha a garinsu.

Ɗan Illela:
Ku dakata. Ku ana maganar inda layinku zai tsaya, mu Sakkwato ko ƙarfe ɗaya ba a taɓa shimfiɗa muna ba tun zamanin Turawa, a Ƙauran Namoda ya tsaya. Albasar da ake lodi a Illela da Aliero har Gana da Kwaddebuwa take zuwa, duk a bayan mota. Kuma ku duba inda kuɗi ke tafiya yanzu: titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, kilomita 700, an faɗa mishi da gudu. Titin Abuja zuwa Kano kilomita 375 ne kacal, an ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017, har yau ana fama. Wannan adalci ne?

Ɗan Jami'a:
Yaya Ɗan Illela, a faɗi duka. An ƙaddamar da na Sakkwato zuwa Badagry a Oktoban 2024, kilomita 1,068, kuma daga Illelarku ya faro. Sannan titin Abuja zuwa Kano, an buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano a Mayun 2023, duk mai bin hanyar ya ga bambanci. Na Abuja zuwa Kaduna ne ya maƙale, har gwamnati ta soke kwangilar Julius Berger a Nuwamban 2024 ta ba wani kamfani. Kuma akasarin shekarun da aikin ya ɗauka, ɗan Arewa ne a kan mulki. In muka mayar da ita maganar Kudu da Arewa, mun ba masu laifi mafaka.

Ɗan Illela:
Ƙaddamarwa daban, gamawa daban, ƙanena. Titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da aikin mayar da shi tagwaye. Yaron da aka haifa shekarar ya isa aure. Tashar ruwa ta Baro an buɗe ta da kiɗa a Janairun 2019, ka je ka ga ko jirgin kaya nawa ke tsayawa. In na ga gireda ta wuce ƙofar gidanmu kwalta na bin ta, sannan in yarda.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi haƙuri a tsaya kan batu. Maganar kaya da kasuwa muke, ba ta jam'iyya ba. Akwai ɗan'uwanmu na Maraɗi a nan, muna so mu ji ta bakinsa tunda layin garinsu zai je.

Na-Maraɗi:
Na gode shugaba. Ina jin 'yan Najeriya da yawa suna cewa don me za a kai layi wata ƙasa da kuɗinsu. In sun san abin da ke wucewa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa kowace rana da ba su faɗi haka ba. Wake da albasa da aya da bisashe suna gangarawa, masara da gero da siminti da kayan masarufi suna hawowa. Mu da Katsina da Kano kasuwa guda ce tun kafin a ja iyaka.

Amma babban abin shi ne kayan da muke sayowa daga ƙetare. Nijar ba ta da teku. Shekara da shekaru ta Kwatano muke bi: kamiyo ya ɗauko daga tasha, ya hau Paraku, ya tsallaka Malanbil zuwa Gaya, ya biyo Doso da Ƙonni kafin ya iso Maraɗi. Layin dogon Benin a Paraku ya tsaya. An shimfiɗa wani daga Yamai zuwa Doso wajen 2014 zuwa 2016, bai haɗu da komai ba, ga shi nan rairayi na binne shi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina da rakiyar soja, tsada ta ninka wahala. Da akwai jirgin da zai ɗauko kwantena daga Legas ya sauke a Maraɗi, wallahi Alhazan Maraɗi da na Damagaram ba sai an roƙe su ba. Kuɗin da Kwatano da Lome ke ci, Najeriya ce za ta ci. Amma in maganar Injiniya haka take, to namu zai zama irin na Doso, sai dai ya fi shi tsawo.

Ɗan Jami'a:
Alhaji na Maraɗi, akwai kuma abin da ya fi ƙarfe. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulki har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Wane banki ne zai saki jiki da layin da shugaba ɗaya zai iya tsayar da shi da sanarwar dare guda? Kafin jirgi ya fara tafiya ya kamata ƙasashen biyu su zauna su rubuta yadda kwastan za ta duba kaya sau ɗaya, a buga hatimi a Apapa ba a sake buɗewa sai Maraɗi.

Ni kuma damuwata bashi. Na Abuja zuwa Kaduna da rancen dala miliyan 500 na bankin Exim na Sin aka yi. Na Legas zuwa Ibadan rancen ya haura dala biliyan 1. Na Kaduna zuwa Kano ya yi ta jan ƙafa saboda kuɗin Sin ɗin bai fito ba, sai a farkon 2025 wani bankin nasu ya saki kusan dala miliyan 255. Da dala za a biya, tikiti kuma da naira ake sayarwa. Mu ne za mu gaji bashin nan. Ta yaya zai biya kansa?

Baba Reluwe:
Jikana, tambayarka ita ce tambaya. Da fasinja ba zai biya ba har abada. Ka duba na Abuja zuwa Kaduna: mutane yake ɗauka, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa masu gudun hanya. Yana da amfani, ban musa ba. Amma buhun masara nawa ya taɓa ɗauka? Tarago guda yana ɗaukar kwantena mai ƙafa 40 ɗaya ko mai ƙafa 20 biyu. Ka jera taragu 30 a bayan kai ɗaya, direba ɗaya da mataimakinsa, ka cire tireloli 30 daga kan titi ke nan a tashi guda. A nan kuɗi yake. Siminti, taki, man fetur, hatsi, kwantena. In ba a sayo taragun kaya ba, ba a ja layi ya shiga cikin Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ba, to an gina wa fasinja kawai.

Direban Daf:
To Baba, in an cire tireloli 30, direbobi 30 da yaransu 60 su ci me? Ga bakanikai, ga masu faci, ga mata masu sayar da abinci a Marabar Jos da Tafa da Mokwa. Garuruwa guda ne suke rayuwa da mu.

Injiniya:
Malam direba, tambayarka tana kan hanya, kuma ba za a ce babu wanda zai ji a jikinsa ba. Garuruwan da suka dogara da kwanan tireloli za su ragu. Amma jirgi ba ya shiga gona. Ba ya zuwa Dandume ko Giwa ko Maigatari ranar kasuwa. Dole mota ta kwaso daga ƙauye ta kai tasha, wata ta ɗauka daga tasha ta rarraba. Doguwar tafiya ce za ta ragu, gajera ta ƙaru, ka yi sawu ka kwana a gidanka.

Kuma titin da kake so a gyara, jirgi ne zai cece shi. Akwai ƙa'idar da duk mai aikin titi ya sani: in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Ƙananan motoci dubu ba sa yi wa kwalta abin da tirela ɗaya mai lodin wuce kima take yi. Mu kuwa motar da aka ƙera don tan 30 sai a ƙara mata bodi da sifirin a ɗora mata kusan ninki. Babu ma'aunin nauyi mai aiki a yawancin hanyoyinmu. Shi ya sa za ka ga sabon titi, damina biyu uku ya yi kwari a sawun taya, ruwa ya kwanta, ya shige ƙarƙashi, ya ɓurme. Ko da kankare aka yi, kamar yadda ma'aikatar ayyuka ta koma yi yanzu, in ba a auna lodi ba kuma ba a share magudanan ruwa ba, lokaci kawai aka ƙara.

Direban Daf:
Lodin ba mu ke so ba Injiniya. Mai kaya ne yake so ya biya mota ɗaya a maimakon biyu. Mai mota kuma yana lissafin dizal da taya. Sannan ga shinge. Daga Kano zuwa Legas ba ka ƙirga masu tare hanya, masu kaki da marasa kaki, wasu da katako mai ƙusa, kowa da rasit ɗinsa, na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na wanda ba ka ma san sunansa ba. In ka tsaya gardama a cire maka madubi. Kuɗin da ake ware wa hanya kawai ya isa jari. Ko titin zinariya aka yi, in ba a kwashe mutanen nan ba kaya ba zai yi araha ba.

Hajiya Mai Gwari:
Wannan gaskiya ce tsantsa. Kuma sun san motar gwari ba ta iya jira, mu suka fi matsa wa.

Dillalin Wudil:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Ku tambaye mu masu shanu. Ana loda su a Wudil ko Potiskum ko Mai'aduwa, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, yara su zauna a sama suna lura da wadda ta faɗi. In saniya ta kwanta sauran suka taka ta, sai dai a yi sauri a yanka a gefen hanya kafin ta zama mushe. Wadda ta isa da rai ma ta rame, farashinta ya faɗi. A 2016 an gwada ɗaukar shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, a tsohon layin nan da ake rainawa, kuma sun isa. Mun ɗauka an fara ke nan, sai abin ya tsaya. Ni tambayata ga Baba: tunda sabon layi bai haɗu ba, me ya hana a gyara tsohon ya riƙa ɗaukar kaya kafin nan? Ai shi ya haɗu tun daga Apapa har Kano har Nguru.

Baba Reluwe:
Allah ya yi maka albarka. Abin da muke faɗa ke nan tun muna aiki. Kaya ba ya bukatar gudu irin na fasinja, tabbaci yake bukata. In ɗan kasuwa ya san jirgi yana tashi kowace Litinin da Alhamis kuma yana isa ranar da aka ce, zai ba da kayansa ko tafiyar ta kwana biyu ce. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, da ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, duk a gefen tsohon layi suke. Ana ta gwada kai kwantena jefi-jefi, a yi biki, a ɗauki hoto, sai a ji shiru. Matsalarsa sanannu ce: wuraren da ruwa ke cinyewa a jihar Neja, gadoji da kwalbatoci da suka tsufa, ƙarancin kawuna da taragu, sai ɓarayin ƙarfe masu kwance layi su sayar wa 'yan gwangwan. Gyaran wannan bai kai kuɗin sabon layi ba ko kusa. Sai dai gyara ba ya da ranar yanke ƙyalle, shi ya sa ba ya burge masu mulki.

Ɗan Kwari:
Baba, ruwan da ka ambata ya tuna min. A 2017 gadar Tatabu kusa da Mokwa ta karye, motoci suka tsaya cik. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka sama da 150, Allah ya jiƙansu, ta kuma yanke hanya. Duk ranar da wurin nan ya yanke, Kwari da Singa da Dawanau sai sun ji. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, cinikin Arewa da Kudu ya rataya a kan gadoji 'yan ƙalilan, Jebba da Lokoja da Makurɗi.

Hajiya Mai Gwari:
Amin. Ku ƙara da tankokin mai. Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150. Mahaɗar Dikko a Neja, Janairun 2025, sama da 80. Man da ya kamata ya bi bututu ko tarago shi ne yake ratsa tsakiyar garuruwa a kan ramuka. Ina da 'yan'uwa a wajen Taura, har yau akwai gidajen da ba su dawo daidai ba.

Ɗan Jami'a:
Allah ya gafarta musu. Amma kada mu manta jirgin ma ba a tsira yake ba. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka kwashe wasu zuwa daji, na ƙarshe ba su fito ba sai Oktoba, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Layin Maraɗi ta Jibiya zai bi, kowa ya san halin da yankin yake ciki. Kuɗin tsaro ya kamata ya shiga cikin kuɗin aikin tun farko.

Na-Maraɗi:
Haka ne. Mu ma ta wajen Madarunfa muna fama da su. Amma hanyar da babu kowa a kanta ita ɓarawo ya fi so. In akwai tasha da ma'aikata da jami'ai da kasuwa, daji yana ja da baya.

Ɗan Illela:
To naji duka. Kuɗin fa? Ɗan Jami'a ya ce bashi ya yi yawa, Injiniya ya ce a yi Ibadan zuwa Abuja, Baba ya ce a gyara tsoho, direba ya ce titi. Daga wace rijiya?

Injiniya:
Hanyoyi suna nan, an ma gwada wasu. Tun 2017 ake sayar da sukuk, wato takardun rancen gwamnati na tsarin Musulunci, ana gina tituna, na farko naira biliyan 100 aka raba wa hanyoyi 25, za ka ga allunansa a gefen titi. An kuma fito da wani tsari a 2019 da ya ba kamfani damar gina titi a cire masa daga haraji, da shi Ɗangote ya yi na kankare daga Obajana zuwa Kabba. Kuɗin shiga titi da aka soke zamanin Obasanjo ya dawo a hanyar Abuja zuwa Keffi zuwa Makurɗi a 2025. Kuma tun Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jiha tana iya shimfiɗa layin dogo nata. Babu abin da ya hana Kano ta ja 'yan kilomitoci daga babban layi zuwa Dawanau, ko Kano da Jigawa da Katsina su haɗa hannu su sayi taragun kaya.

Ni abin da nake so shi ne a daina buɗe sabbin ayyuka goma alhali na hannu bai haɗu ba. Ko tashar Lekki da aka buɗe a 2023, mafi zurfi a ƙasar, babu layin dogo da ya shiga cikinta. A gama Kaduna zuwa Kano, a nemo kuɗin Ibadan zuwa Abuja kafin komai, a riƙe tsohon layi da rai har zuwa ranar.

Direban Daf:
Kuɗin shiga titi zan biya da hannu biyu in titin lafiyayye ne kuma aka kwashe masu katako. Ƙofa ɗaya, rasit ɗaya, in san nawa ne tun daga gida. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in biya a ƙofa, in yi gaba kaɗan a sake tare ni.

Hajiya Mai Gwari:
Injiniya, in kuna rubuta wa manya ku sa mana taragu masu sanyi a ciki, da ɗakin sanyi a tasha. Kuma kada a manta da hanyoyin cikin gona. Daga bakin fadama zuwa bakin kwalta a Kura da Garun Malam da Bunkure, a kan babur da amalanke ake fito da kwanduna, rabin damejin tun a nan yake farawa kafin a ga Daf.

Ɗan Kwari:
Shugaba, ina ganin kada maganar ta tsaya a waya. Ƙungiyoyin Kwari da Dawanau da 'Yan Kaba da masu shanu duk suna da shugabanni, kuma kowace ta san mota nawa take lodawa a mako. In aka tattara wannan a takarda ɗaya aka kai wa 'yan majalisar tarayya na Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, da bukata guda, wato Ibadan zuwa Abuja da jirgin kaya mai ranar tashi a tsohon layi, zai fi a je kowa da tasa. Ni zan yi wa namu magana bayan sallar Juma'a. Hajiya da Dillali, ku taɓa naku.

Shugaban Zaure:
To madalla. Injiniya, ka taimaka ka rubuta bayanin layukan nan a shafi ɗaya da Hausa, da taswira in zai yiwu, yadda shugabannin kasuwa za su gane inda aka tsallake. Na-Maraɗi, in akwai 'yan kasuwarku da za su sa hannu, a turo ta akwatina.

Na-Maraɗi:
Akwai su, kuma da yawa. Zan fara da masu fiton kaya ta Kwatano da Lome, su suka fi kowa sanin abin da kwantena ɗaya take ci kafin ta iso gida.